Hancin Gwadabe da Motar Kansila

Gwadabe ba ya zama. In ka zo garejinmu na bayan Ƙofar Marusa, abin da za ka fara lura da shi ke nan. Akwai benci a gindin darbejiya, ni na haɗa shi da hannuna, kowa ya zauna a kai har masu tallar rake, amma ban taɓa ganin Gwadabe ya huta a kansa ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake gardama. In kuwa ba aiki, sai ya yi ta kewaya motocin mutane, ya taɓa wannan ya leƙa waccan, har kan mai kallonsa ya yi ciwo. Nawa kam ya sha yi.

Sunana Abbas, walda nake yi. Rumfata tana jingine da tasa tun ina da gashi a ka. Shi ke gano ciwon mota, ni in yanke in liƙe. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Yaya nake ce masa, amma wannan bai hana mu faɗa ba. Mun yi faɗa a kan sifana, mun yi a kan inuwa, mun yi a kan wanda ya bar buta ba ruwa. Gari na wayewa kuma mu gaisa kamar ba a yi ba.

A unguwar Gobarau aka haife shi, gidan dukawa. Mahaifinsa ya so ya zaunar da shi a zaure ya koyi ɗinkin fata kamar 'yan'uwansa. To dukanci sana'ar zama ce, shi kuwa ko a makarantar allo da ƙyar ake riƙe shi. Ya gudu tasha, ya zama yaron mota, ya bi manyan motocin ɗaukar auduga har Funtuwa. A can ya maƙale a garejin wani tsohon bakanike, ya daɗe yana wanke ƙarafa kafin a yarda ya taɓa inji. Ya dawo gida daidai lokacin da aka ba Katsina jiharta, gari ya cika da Fijo ta gwamnati, kowane ofis da tasa. Fijo kuwa Gwadabe ya san ta ciki da bai.

Amma ba sifana ce ta yi masa suna ba, hanci ne. In aka kawo mota, ba ya fara buɗe gaba kamar sauran makanikai. Sai ya ce wa mai ita ya tayar, shi kuma ya zagaya baya ya tsuguna a bakin salansa. Ya tara tafin hannu hayaƙi ya buga, ya kai hannun hanci. Sannan ya sunkuya ya shaƙi hayaƙin kansa, ya lumshe ido. Daga nan ya miƙe ya faɗi magana ɗaya: ko kafireta na ba da mai fiye da kima, ko ringi ya cinye tana shan baƙin mai, ko ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe inji a tarar haka ne. Ya taɓa ce wa wani direban Jibiya man da ke tankinsa an gauraya shi da kalanzir. Direban ya rantse a gidan mai ya sha. Gwadabe ya ce to su taka tare zuwa wurin 'yan bumburutun bakin tasha a tambaya. Nan direban ya janye rantsuwarsa.

Haka ya zama Gwadabe Hanci. Hancin ma in ka gan shi ba wani hanci ba ne, ɗan guntu ne a baje, ba ka ce ya iya komai ba. Amma in gardama ta tashi tsakanin mai sayar da mota da mai saye, ko tsakanin direba da maigidansa, sai a ce a je wurin Hanci. Abin da ya faɗa ya zauna. Shi ma ya san haka, kuma yana jin daɗin abin ƙwarai, ko da yake ba ya nunawa sai dai ka ga kafaɗa ta ɗan ɗaga.

Ni dai ban taɓa son wannan tsugunon ba. Na sha gaya masa hayaƙi ba abinci ba ne. Sai ya ce ni da nake kallon wutar walda da fasasshen tabarau ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi. Ya faɗi gaskiya, amma ni ma ba ƙarya na yi ba.

Shekarar da soja suka koma bariki, gari ya sauya. Bangon garejinmu ya cika da hotunan 'yan takara, wani a kan wani, har ba ka ganin siminti. Mutanen da muka sani a kan keke suka hau babur, na kan babur suka shiga mota. Motocin kuwa ba Fijo ba ce. 'Yan Kwatano ne, waɗanda Turawa suka gama hawa, ana shigo da su ta Maraɗi da Jibiya. Ba su da kafireta, sai injekta da tarin wayoyi. A ƙarƙashinsu kuma, kafin babbar tukunyar salansa da muka saba da ita, akwai wata 'yar ƙaramar tukunya. In ka yanka ta sai ka ga cikinta kamar saƙar zuma. Masu kawo motocin suka ce aikinta ta tace hayaƙi kafin ya fita, don a can ƙasar ba a yarda mota ta yi wari ba. To man da muke sha a nan ba irin nasu ba ne. Kafin a jima ramukan sun toshe, mota ta kasa numfashi, ƙarfinta ya tafi. Maganin da duk gari ya sani shi ne a kawo wa irina, mu yanka, mu fasa cikin da rodi, mu zubar, mu liƙe.

Gwadabe ya tsani motocin nan. Ya ce mota ce mai ɓoye ciki, ka tsuguna a bayanta ba ta gaya maka komai. Da farko na yarda da shi, don mai lafiya a cikinsu ba ta da wani wari na a zo a gani. Sai da wani abu ya faru na gane ba laifin motocin kaɗai ba ne.

Wata rana da hantsi ina yankan ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan wani tsohon tiyub da tsumman mai da ke yashe a bayansa. Shi yana sunkuye a kan inji. Roba ta kama. Warin ya kai har wurin Bala mai faci da ke can bakin titi, ya taso a guje da bokiti. Gwadabe, da wutar ke ci dab da dugadugansa, bai waiwayo ba sai da ya ji ƙarar ruwa. Ya dubi hayaƙin, ya dube ni. Ya ce mura yake yi. Na ce Allah ya sawwaƙe. Ba wata mura, hancinsa a bushe yake ƙamas.

Daga ranar na sa masa ido, abin da na gani kuwa ya dame ni. Yana nan yana tsugunawa a bayan mota, yana jan numfashi da ƙarfi ma fiye da da, don kowa ya ji. Amma yanzu tafin hannunsa ya fi daɗewa a bakin salansa. Yana duba launin hayaƙi, yana kasa kunne, kuma kafin ya yi magana sai ya saci kallon fuskokin waɗanda ke tsaye, ya ga ko wani ya yamutse. Da yake ya daɗe a sana'a, sau da yawa yana dacewa. Rashin zaman nasa kuwa ya ninka. Ya fita ya dawo, ya sake fita, ba mai sanin inda ya je. Na ga ƙullin utaba, garin tabar nan da ake shaƙa, a aljihunsa, mutumin da ko goro ba ya ci. Na ga kwalbar man zafi. Na ji an ce an gan shi wurin wani wanzami a Ƙofar Sauri, an kuma gan shi wurin masu magani a kasuwa. Tausayinsa nake ji, haushinsa kuma nake ji, na rasa wanne ya fi.

Ana cikin haka bazara ta shigo da zafinta, Sada ya kawo motarsa. Sada ɗan unguwarmu ne, awon gero yake yi a kasuwa kafin siyasa ta ɗauke shi ya zama kansila. Yanzu Honarabul ake ce masa. Ya sayi baƙar mota 'yar Kwatano mai esi, irin wadda za ka ɗage gilashi ka sha sanyi mutane na gasuwa a waje, shi kuma yana zuba turare kamar da moɗa. Ba mugun mutum ba ne, sai dai yana son a gama magana da wuri.

"Salamu alaikum, Malam Gwadabe. An wuni lahiya?"

"Lahiya lau, Honarabul. Ya zahi? Ya jama'a?"

"Zahi lokacinshi ne. Ya iyali, ya aiki?"

"Mun gode Allah. Ya hidimar mutane?"

"Ai sai haƙuri."

Ya gaishe ni, ya ɗaga wa Bala hannu, sannan ya jingina da motar ya gyara hula.

"Wata 'yar magana ce ta kawo ni. Uwar ɗiyana, Sumayya, ta sa ni gaba, wai motar nan tana wari. Wai in an ɗage gilashi an kunna esi, an ɗan yi tahiya, sai wani wari ya taso daga baya, ɗiyan su kama ciwon kai. Ƙaramar har amai ta yi ran da muka je Dutsin-ma. Ni ina gaba, ban ji komi ba. Na kai ma wani ya duba, ya ce lahiyarta lau, rashin sabo da esi ne. Ita kuwa ta kahe."

Gwadabe yana ta kewaya motar.

"Gobe da sahe za mu Zariya biki, da ni da ita da ɗiyan duka. Na ce mata to mu kai ma Hanci. In ya ce akwai wari, akwai. In ya ce babu, kar in ƙara jin maganar nan. Ta yarda. Da kai kaɗai ta yarda."

Katsina zuwa Zariya ba nan kusa ba ce, ga gilashi a rufe, ga yara a kujerar baya. Kuma wanda zai raba gardamar shi ne mutumin da roba ta ƙone a bayansa bai ji ba. In ya ce babu, yaran nan za su shiga. In ya ce bai iya ji, sunansa ya tafi, a garejin nan kuwa sunan shi ne abincinsa.

Ya ce wa Sada ya tayar. Ya zagaya baya ya tsuguna, ya tara hannu, ya ja numfashi har kafaɗunsa suka ɗaga. Ya sake tara hannu. Na ga ya lura hayaƙin ba ya bugawa da ƙarfi yadda ya kamata. Ya ɗago ya dubi fuskata, na kau da kai. A waje, mota ba ta yi zafi ba, ni ma ban ji wani abin kirki ba.

"Bar ta nan," ya ce. "Ka dawo bayan la'asar."

"Ai na zaci nan take za ka faɗa."

"Motar Turawa ce, ba ta magana da wuri."

Sada ya yi dariya, ya miƙa makulli, ya tare ɗan kabu-kabu ya hau ya tafi.

Wunin ranar ban yi aikin kirki ba, shi ma bai yi ba. Ya buɗe gaban motar, ya rufe. Ya sake buɗewa ya cire fulogi, ya duba, lafiyarsa lau, ya mayar. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya bi bututun salansa da ido daga gaba har baya, bai ga ɓula ba, ya fito. Aka kawo masa abinci ya ajiye a kan taya, ƙuda suka samu. Ya tafi bakin titi ya tsaya kamar mai jiran wani, ya dawo. Na gan shi ya juya baya ya shaƙi utaba, ya yi atishawa har hawaye, ya buɗe murfin tankin mai ya kai hanci, ya rufe a hankali. Ƙafarsa ba ta daina motsi ba, ni kuma kowane kewayo ya yi sai in ji kamar a cikin kaina yake takawa. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa, na kashe wuta na je na same shi.

"Yaya," na ce, murya ƙasa-ƙasa, "bari in shiga in ji maka. In faɗa maka a kunne, kai ka faɗa ma Honarabul. Ba mai sani."

Ya tsaya. "Ka ji mani mi?"

"Warin."

"Tun yaushe mai walda ya zama hanci? Kai da naka ya cika da garin ƙarhe?"

"Yaya, na sani. Tun ran da tiyub ya kama na sani."

"Ka san mi? Mura ce na ce maka."

"Wace irin mura ce ba majina ba tari, wata da watanni?"

Ya dube ni da ido jawur. Na zaci zagi ne zai fito.

"Je ka yi waldarka, Abbas."

Na yi zuciya. Na koma rumfa na yi jifa da tabarau, na ce a raina can su gane, shi da taurin kansa. Na kunna wuta na kama liƙa wata ƙofar gida da ba a ma matsa mini a kanta ba.

Ina ji ya tayar da motar ya fita da ita. Ya jima, don so yake inji ya yi zafi sosai. Da ya dawo ya tsayar da ita a gefen darbejiya, bai kashe ba. Ya kunna esi, ya ɗage gilasai duka, ya fito daga gaba ya shiga kujerar baya, inda yaran ke zama, ya ja ƙofa.

Na ce ba zan kalla ba, amma idona yana can. Ta cikin gilashi ina hango shi. Ya ɗaga kai yana jan iska. Ya juya dama, ya juya hagu. Ya sunkuya ƙasa wajen ƙafa, ya ɗago. Ya sake sunkuyawa. Can sai ya jingina da kujera. Na liƙa ƙarfe ɗaya na ɗago, yana nan a jingine. Na liƙa wani na ɗago, yana nan yadda yake. Abin da ya tayar mini da hankali ke nan: Gwadabe ya zauna, bai motsi. Aka kira la'asar a masallacin bayanmu. Shi ne kullum ke riga kowa ɗaukar buta, amma ƙofar motar ba ta buɗe ba. Na saki abin da ke hannuna na ruga.

Ina buɗe ƙofar wari ya buge ni, irin na ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da hayaƙi. Idona ya kawo ruwa, maƙogwarona ya kama ƙaiƙayi. Gwadabe yana kishingiɗe, ido rabi a buɗe, gumi na bin wuyansa duk da sanyin da ke ciki. Na ƙwala wa Bala kira. Muka jawo shi muka kwantar a inuwa, na kashe motar, Bala ya yi ta yayyafa masa ruwa, ni ina fifita da kwali ina kiran sunansa. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba a wurin aiki. Da ƙyar ya ja dogon numfashi, ya yi tari, ya juya gefe ya yi amai. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya kama rigata ya jawo ni kusa.

"Akwai?"

"Akwai, Yaya. Wanda zai iya kashe mutum."

Ya rufe ido. "Ni sanyi kawai na ji. Har daɗi na ji."

Kafin a idar da salla labari ya bazu cewa Gwadabe ya faɗi. Da muka fito daga masallaci gareji ya cika: direbobi masu jiran motocinsu, 'yan kabu-kabu, masu shaguna na bakin titi. Kuma ka ji yadda mutane suka fassara abin. Wai hancin ne ya cika ƙarfi. Wai warin da wani zai ji kaɗan, shi a ninke yake jinsa, shi ya sa ya kayar da shi. Wani tsohon direba har yana cewa ai dama baiwa ba ta zuwa ba wahala. Na ji wani sanyi a raina. Ga shi Allah ya rufa masa asiri ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Yara sun tsira, suna ya ƙaru, abin da ya rage kawai ya yi shiru.

Sada ya sauka daga kabu-kabu yana ratsa mutane.

"Subhanallahi, Malam Gwadabe, sannu. An ce wari ya kada kai. Ashe da gaske ne? Wannan hanci naka sai dai a bar maka."

"Ai tun kahin ya shiga ya ji," in ji Bala, yana taya shi.

Gwadabe ya dafa darbejiya ya miƙe. Ƙafafunsa ba su gama tsayawa ba.

"Honarabul, motarka tana da wari, kuma mugu. Kar ka saka ɗiya ciki yadda take. Amma ba ni na ji ba. Abbas ne ya ji."

Wasu suka yi dariya, sun zaci tsokanata yake yi.

"Ba wasa nike ba. Na zauna ciki har na kusa tahiya, ban ji komi ba. Hancin ya mutu. Ya daɗe da mutuwa. Duk wanda na duba ma mota tun bara, da ido da kunne na duba, ba da hanci ba. Wanda ke da shakka ya maido a sake dubawa."

Tsohon direban nan ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Waɗanda ke baya-baya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da labari a bakinsa. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja shi gefe, bayan rumfata.

"Wa ya aike ka? Ai an rufe maka. Wa ya tambaye ka?"

"Yau kana nan, Abbas. Ran da ka tahi ɗaurin aure fa, aka kawo wata?"

"Sai ka ce a dawo gobe."

"Da na hito daga motar nan da ƙafata, babu zan ce. Na riga na shirya. Ina zaune ciki ina haɗa yadda zan faɗa mashi."

Na ce to mu je mu yi aikin, rana na tafiya.

Muka tura motar kan ramin da muke duba ƙasan mota. Gwadabe ya ce a tayar, ya sauka ya bi bututun da bayan hannunsa a hankali, bai taɓa ba, yana neman inda iska mai zafi ke hurowa. Dab da ƙaramar tukunyar nan ya janye hannu da sauri. Akwai wani faranti da ya rufe saman bututun, shi ya hana a gani. Muka kwance shi. Tukunyar ta toshe ƙam, hayaƙi ya rasa hanya ya fasa bututun ta sama, wajen mahaɗa. Daidai saman wurin kuma tsatsa ta cinye ƙasan motar, an ce gishirin da suke zuba wa titi a ƙasar sanyi ke jawo haka. Ɓular tana ƙarƙashin kujerar baya, kafet ya rufe ta. Na kira Sada ya leƙo, na zura yatsa ta ƙasa ya ga kafet ya ɗaga. Ya cire hula ya goge goshi.

Na yanke tukunyar na fasa cikin, don ba inda za mu samo sabuwa a garin nan. Gwadabe ya gaya wa Sada a fili cewa daga yau motarsa za ta yi hayaƙi irin na kowa, amma ta baya zai fita, ba ta ciki ba. Na liƙe bututu, na yanko ƙarfe na toshe ƙasan. Da muka gama aka bar ta ta yi zafi, na shiga baya na rufe, ban ji komai ba. Gwadabe ya ce Bala ma ya shiga. Ya ce Sada ma ya shiga, kuma a baya, ba a gaba ba.

"Ka kai ta gida, uwar ɗiyan ta shiga ta ji da kanta kahin ku kama hanya," ya ce masa. "Kuma ka ce mata ita ta yi gaskiya."

Sada ya sosa ƙeya ya ce zai faɗa. Ya tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai ya kama hannun Gwadabe da hannu biyu, ya saki, ya shiga mota.

Ba zan ce abin bai taɓa shi ba. Masu zuwa a raba musu gardama suka daina zuwa. Sababbin masu mota suka koma wurin wasu da suka koyo aikin injekta a Kaduna. Waɗanda suka rage masa tsofaffin direbobin Fijo ne, su ma suna raguwa. Sunan Hanci bai bar shi ba, baki ya riga ya saba, sai dai mai faɗa yakan ɗan rage murya in yana kusa. Ya daina tsugunawa a bayan mota. In aiki ya zo wurin wari, yakan ɗaga murya a gaban kowa ya ce, Abbas, zo ka ji mani.

Amma duk wannan daga baya ne. A yammacin nan, bayan Sada ya tafi, rana ta yi ja, na same shi yana wanke hannu da sauri-sauri, baƙin mai bai ma fita ba yana ɗaurayewa.

"Ina za ka, Yaya? Tsaya kanka ya daina juyi. Mu yi magariba in raka ka."

"Gida. Kahin labari ya riga ni."

"Ai su a gida sun sani, ko?"

Ya girgiza kai. Matarsa Hauwa'u turaren wuta take haɗawa, tana sayar wa matan unguwa da masu kai amarya. Ya ce tun aurensu ba ta taɓa fitar da sabon haɗi ba sai ta turara masa ya ji. In ya ce ya yi, ya yi. In ya ce a ƙara wani abu, ta ƙara.

"Shekaranjiya ma sabo ta haɗa. Ta kawo mani kasko har inda nike, ta tsaya tana kallona. Ta ce ya hi na da? Na ce ya hi."

Ya goge hannu a jikin rigarsa.

"Da ka ga yadda fuskarta ta yi haske, Abbas."

Ya ɗauki hularsa, ya bi lungun da ke zuwa Gobarau da saurinsa. Ina tsaye ina kallonsa, sai na ga tafiyar tana raguwa tun bai kai kwana ba.